Wace Ce Nargis, Kuma da Wane Fim Nata Zan Fara?

Tambaya: Baba, kakata ba ta da jaruma a finafinan Indiya sai Nargis. Duk wadda na nuna mata cikin na yanzu sai ta taɓe baki ta ce ba ta kama ƙafarta ba. Ni kuwa iyakar sanina da ita shi ne ita ce uwar nan ta Mother India, kuma ita ta haifi Sanjay Dutt. Me ta yi haka da manya suka kasa mantawa da ita? Da wane fim zan fara? Kuma wai da gaske ne ta auri ɗanta na fim?

Amsa: 'Yata, ki gaishe min da kakar taki, ki faɗa mata na ce tana da ido. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ta fi yi miki ƙaiƙayi. E, gaskiya ne. Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta Birju cikin Mother India, shi ta aura ranar 11 ga Maris 1958, ko wata biyar ba a cika ba da fitowar fim ɗin. Sai dai kada ki zana tsohuwa da yaro a ranki. An haife ta ranar 1 ga Yuni 1929, shi kuma ranar 6 ga wannan wata na wannan shekara. Kwana biyar kacal ta ba shi. Furfurar da kika gani da yamushewar fuska duk aikin masu kwalliya ne, shekararta 28 lokacin da fim ɗin ya fito. Yadda aka yi auren zan zo kansa, yana da nasa labarin.

Abin da ke ɗan ɓata min rai shi ne yadda Mother India ya haɗiye sauran aikinta, har ya zama in an ce Nargis sai a tuna wata mata cikin laka da garma a kafaɗa, shi ke nan. Alhali kafin ta ɗauki garmar nan ta shekara 14 tana jan manyan finafinai, kuma a yawancinsu 'yar birni ce, mai boko, mai hawan doki, mai tsayawa gaban alƙali. Na daɗe ina juya finafinanta, na kalli wasu fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma abin da na tarar shi ne wannan: a manyan finafinanta kusan kullum ita ake ɗora wa yanke hukunci a kan namijin da ta fi so. Wani ta kare shi, wani ta juya masa baya, biyu kuma ta harbe su. Sauran jarumai mata na zamaninta an fi ba su jira da kuka. Ita ma ta yi kukan, amma alƙalancin a hannunta yake ƙarewa. In kin riƙe wannan zaren za ki fahimci kakarki.

Sunanta na yanka Fatima Rashid, a Kalkata aka haife ta. Mahaifiyarta Jaddanbai shahararriyar mawaƙiya ce wadda ta shiga harkar fim tun farkon zuwan finafinai masu magana, tana shiryawa, tana tsara kiɗa, tana fitowa. Ita ta fara saka 'yarta gaban kyamara a 1935, cikin Talash-e-Haq, yarinyar tana 'yar shekara shida, aka rubuta sunanta Baby Nargis. Nargis sunan wata fure ce a harshen Farisa, kuma shi ya bi ta har kabari. A 1943 darakta Mehboob Khan ya ba ta jagorancin Taqdeer tare da jarumi Motilal, tana da shekara 14. Ki riƙe sunan Mehboob ɗin nan, don shi ya buɗe mata ƙofa, kuma shi ya ba ta bindiga har sau biyu.

Ba zan ce miki ta fi kowa kyau ba, don ba haka ba ne. A zamanin da ake da jaruma Madhubala, ba a gasar kyau. Nargis doguwar fuska gare ta, ga faɗin goshi, ba ta da irin zagayayyen kyan da masu zanen fosta ke so. Abin da take da shi fuska ce da ba ta iya ɓoye tunani. A shekarun 1940 yawancin 'yan fim da salon dandamali suka shigo, a ɗaga murya, a ware hannu, a zaro ido don na bayan ɗaki ya gani. Ita ta gane da wuri cewa kyamara maƙwabciya ce, ba sai an yi mata ihu ba. Za ki ga wani jarumi yana ta zuba magana, amma idonki yana kanta, ita da ba ta ce komai ba, saboda a fuskarta ake ganin inda maganar ta sauka. Haka ma a waƙa. Kin san ba su ke rerawa ba, murya ta wasu ce, kuma tata galibi ta Lata Mangeshkar ce. Da yawa motsa baki kawai suke yi. Ita kuwa har numfashin da mawaƙiyar ta ja tsakanin baiti da baiti sai kin gan shi a wuyanta.

Bindiga ta farko a Andaz take, fim ɗin Mehboob na 1949, wanda shi kaɗai ne Dilip Kumar da Raj Kapoor suka taɓa haɗuwa a cikinsa. Ta fito a Neena, 'yar attajiri, shagwaɓaɓɓiya, mai sa wando da hawan doki. Doki ya kwasa da ita, wani saurayi mai suna Dilip ya cece ta, ita kuma ta sake da shi yadda ta saba sakewa da kowa, tana gayyatarsa gida, yana kaɗa mata fiyano. Mahaifinta ya ja mata kunne, ta yi dariya. Shi Dilip ya ɗauka so ne, ita kuwa tana da wanda take jira, Rajan, da ke Landan. Rajan ya dawo, aka ɗaura aure, sannan Dilip ya furta abin da ke ransa, daga nan zargi ya shiga gidan ya ƙi fita. Ƙarshenta Dilip ya zauce, ya zo mata, ta harbe shi, mijinta kuma ya tsaya a kotu ya ba da shaidar da ta ƙara nutsar da ita.

Darasin da fim ɗin ya rufe da shi, wai duk laifin wayewar zamani ne, ban saye shi ba ko kaɗan, kuma ina zaton ke ma ba za ki saya ba. Amma ki kalli abin da Nargis ta yi da rawar. Labarin yana cewa Neena ba ta son Dilip. Fuskarta kuwa ba ta taɓa tabbatar miki da haka ba. Akwai wuraren da za ki ga tana musanta abin da ƙarfi fiye da kima, kamar wadda kanta take ƙoƙarin shawo wa. Ba ta cika shekara 20 ba a lokacin, tana tsakanin jarumai biyu da kowannensu zai cika allo shi kaɗai, amma tambayar da mai kallo ke fita da ita a kan zuciyarta take.

A wannan shekarar dai aka fitar da Barsaat, wanda ya kafa kamfanin Raj Kapoor da ƙafafunsa. Tambarin R.K. da ke buɗe finafinansu, namiji riƙe da goge irin na Turawa a hannu ɗaya, mace ta lanƙwasa a ɗaya hannun, daga wata fitowa ta cikin Barsaat aka zana shi, kuma macen Nargis ce. Sun yi finafinai 16 tare, tsakanin 1948 da 1956. Cewa akwai soyayya a tsakaninsu ba sirri ba ne a Indiya, haka ma cewa shi yana da mata tun 1946 kuma bai rabu da ita ba. Iyakar abin da zan ce ke nan, sauran nasu ne. Abin da ya shafe mu shi ne a shekarun nan ba jaruma ce kawai da ake kira a biya ba, ƙusa ce a kamfanin.

Awaara na 1951 shi ne wanda zan so ki fara da shi, kuma ga dalili. Fim ɗin a kotu yake buɗewa. Ana tuhumar wani matashi, Raj, da yunƙurin kashe babban alƙali Raghunath. Ba shi da lauya. Sai ga wata budurwa cikin baƙar rigar lauyoyi ta shigo ta ce ita za ta kare shi. Rita ke nan, kuma alƙalin da aka so kashewa shi ya riƙe ta, shi ya ilimantar da ita. Ta sa mariƙinta a akwatin shaida ta fara yi masa tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa: ina matarka, me ya sa ka kore ta da tsohon ciki? Shi wannan alƙali aƙidarsa ita ce ɗan mutumin kirki mutumin kirki ne, ɗan ɓarawo kuma ɓarawo. Wani da ya taɓa ɗaurewa bisa wannan aƙida ya sace masa mata don ramuwa, ya sake ta bayan ya gane tana da ciki, gari ya ɗauki tsegumi, alƙali ya kore ta. Yaron da ta haifa a kwararo shi ne Raj, wanda ya tashi ɓarawo. Daɗin abin, Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj Kapoor na gaske, shi ya fito a alƙalin.

Ki tuna 1951 ce, Indiya shekara huɗu da samun 'yanci, kuma ga mace tana titsiye alƙali a gaban jama'a, cikin ladabi amma ba sassauci. Ba ta fitar da Raj ba, an ɗaure shi shekara uku, sai dai ta sa uban ya ji da kunnensa abin da ya aikata. Akwai wata fitowa a bakin teku da zan gargaɗe ki a kanta: ta tsokane shi da kalmar da ta taɓa masa ciwo, ya mare ta, ita kuma ta ba da kai. A wancan zamani an ɗauke ta a matsayin zafin so. Ni yau in na zo wurin sai in ji kunya ta kama ni, kuma ban ga dalilin da zan ce miki ki yafe wa fim ɗin ba. Ki kalla, ki san haka aka yi, ki wuce.

Awaara ya yi tafiyar da fim ɗin Indiya bai taɓa yi ba kafinsa. An nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1954, ya zama abin hauka, kuma a shekarar ita da Raj Kapoor suna cikin tawagar 'yan fim da ta je Mosko. Ya karɓu a Sin, ya karɓu a Turkiyya har suka riƙa sake yin irinsa da harshensu.

Shree 420 na 1955 shi ne wanda tsofaffi suka fi yin murmushi in an ambata. Lambar 420 sashe ne na tsohuwar dokar laifuffuka ta Indiya da ya shafi zamba, har ta zama sunan da ake kiran mazambaci da shi. Raj ya taho daga Allahabad zuwa Bombay da takardar digiri da lambar yabo ta gaskiya, wadda yunwa ta sa ya jinginar. Nargis ita ce Vidya, malamar makarantar 'ya'yan talakawa, kuma ma'anar sunan ilimi. Kishiyarta a labarin Maya ce, wadda Nadira ta fito, ma'anar nata sunan ruɗi. Ba a ɓoye miki komai ba ke nan, tun daga sunaye. Irin wannan rawa, ta mace mai gaskiya da ba ta kuskure, ita ce mafi saurin gundura a fim, kuma a hannun wata da Vidya ta zama allon wa'azi. Nargis ta sa mata tsokana da 'yar dariya, da talaucin da ke jin kunyar kansa.

Hoton da kakarki za ta fara tunawa na sani: dare, ruwan sama, titi ya jiƙe, su biyu ƙarƙashin lema ɗaya, ga mai shayi a gefe. Muryoyin na Manna Dey da Lata ne. Can sai ta nuna wasu yara uku da ke wucewa cikin rigunan ruwa, waɗanda 'ya'yan Raj Kapoor ne na cikinsa. In kin san abin da ke tsakanin manyan biyu a zahiri, wannan nuni da yatsa yana da nauyin da marubucin labarin bai sa masa ba. Amma ni fitowar da na fi so tana gaba. Raj ya shiga caca da damfara, ya zo mata da kuɗi cikin dare, ta ƙi karɓa. Ya juya zai tafi. Tana tsaye ƙiƙam, ba ta motsa ba, sai aka nuna wata siffarta cikin fararen kaya ta fita daga jikinta tana roƙonsa ya waiwayo. Dabarar kyamara ce mai sauƙi, amma ita ce Nargis gaba ɗaya: zuciya ta bi shi da gudu, matar kuma ta tsaya a kan hukuncinta.

To, yanzu Mother India. Mehboob ya taɓa yin labarin a 1940 da sunan Aurat, sannan ya sake shi a 1957, mai kala, kusan awa uku, kiɗan na Naushad. Yana buɗewa da tsohuwa Radha, wadda mutanen ƙauye suka matsa sai ita za ta buɗe sabuwar hanyar ruwan noma. Aka rataya mata furanni, ta shinshina, ƙamshin ya mayar da ita ranar aurenta. A ranar ne masifar ta fara ba ta sani ba, don surukarta ta ci bashin rupi 500 wurin Sukhilala mai ba da bashi da ruwa, domin a yi biki na kece raini. Surukar ba ta iya karatu ba. Da aka zo biya aka yi gardama kan sharaɗin, dattawan gari suka bi takarda, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk shekara, kuma wannan kuɗin ruwa ne kawai, uwar kuɗin tana nan. Kanhaiyalal ne ya fito a Sukhilala, shi ne kuma ya yi rawar a fim ɗin 1940. Ba mugu ne mai tsawa ba, mai washe baki ne da kiran sunan Allah, shi ya sa ya fi ban tsoro.

Daga nan sai saukowa. Mijinta Shamu, wato Raaj Kumar, ya tafi share wata gona mai duwatsu don su sami abin da ba na Sukhilala ba, dutse ya murƙushe masa hannu biyu. Ya kasa jure zama ana ba shi abinci a baki ana yi masa gori, ya sulale cikin dare, ba a ƙara ganinsa ba. Shanu suka tafi, Radha ta saɓa garma ita da ƙananan 'ya'yanta. Ambaliya ta zo ta cinye gari, kuma akwai inda take tsaye cikin ruwa har wuya ta tallafe dandamalin da yaranta ke kai da kafaɗunta. 'Ya'ya biyu ne suka rage mata, Ramu mai haƙuri da Birju mai zuciya.

Fitowar da ake auna jaruma da ita ita ce ta gidan Sukhilala. Ya daɗe yana yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta. Yara na mutuwa da yunwa, ta tafi. Ki lura, ta tafi ɗin, fim ɗin bai yi ƙaryar cewa tunanin bai taɓa zo mata ba. Ta shiga jikinta duk laka, ta tsaya gaban gunkin allahiyar arziki da ke ɗakinsa tana yi mata magana mai ɗaci, irin ta wadda ta gaji da a ce mata ta yi haƙuri. Sannan ta dawo hayyacinta, ta lakaɗa masa duka, ta fita. Wata jarumar da ta nuna miki tsarkakakkiya tun daga bakin ƙofa. Nargis ta bar ki kin ga yadda ta kusa faɗawa, shi ya sa tashin ya yi daraja.

Birju ya girma da wutar abin da ya gani. Awarwaron uwarsa suna hannun Sukhilala, gonarsu tana cikin littafin da ba ya iya karantawa. Ya zama ɗan fashi, ya dawo ranar auren Rupa, 'yar Sukhilala, ya kashe uban, ya ɗauke amarya a kan doki. Radha kuwa ta riga ta yi alkawarin ba abin da zai sami yarinyar, don a wurinta 'yar gari 'yar kowa ce. Ta kira shi, bai tsaya ba. Ta ɗaga bindiga. Ya faɗo, ya mutu a hannunta, awarwaron da ya ƙwato mata suna zubowa. Sai aka dawo kan tsohuwa tana buɗe ruwa, ruwan ya kwararo ja kamar jini kafin ya washe.

Ki duba abin da kyau. Ɗan da ta fi so ta kashe, domin 'yar mutumin da ya cuce ta tsawon rayuwarta. Kuma ga abin da ba a cika faɗa ba: ba haƙurin Radha ne ya kawo ƙarshen bashin ba, fushin Birju ne. Fim ɗin ya san haka, shi ya sa bai bar ki ki tsani yaron ba. Ana yawan cewa Radha alama ce ta Indiya mai juriya, kuma Mehboob da kansa ya tura mu can, har da fitowar da manoma suka jeru cikin siffar taswirar ƙasar. Amma alama ba ta sa mutum kuka. Abin da ke sa kuka shi ne fuskarta bayan harbin, wadda babu nasara a cikinta ko ƙwaya ɗaya. Fim ɗin yana da nasa ja, akwai barkwancin tsakiya da zan iya yanke minti ashirin ban yi asara ba, amma minti goman ƙarshe ban san abin da zan taɓa ba.

Labarin auren daga nan ya fito. Akwai wurin da mutanen gari suka cinna wa tarin ciyawa wuta don su fito da Birju, Radha ta shiga tana nemansa. Wuta ta gaske aka kunna, a wani ƙauye da ke jihar Gujarat ta yau, a farkon 1957. Iska ta juya, wutar ta zagaye Nargis. Sunil Dutt, wanda a lokacin sabon shiga ne da ya baro aikin gabatar da shiri a rediyo, ya kutsa ya fito da ita, shi kuma ya ƙone har ya kwanta. Ita ta yi jinyarsa. Tana kan ganiyar suna, ta rabu da kamfanin R.K. ba da daɗewa ba, shi kuwa ba kowa ba ne tukuna. Shekara guda bayan haka suka yi aure, suka haifi Sanjay a 1959, sannan Namrata da Priya.

Mother India shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Oscar ta finafinan ƙasashen waje, a 1958, inda wani fim ɗin Italiya na darakta Fellini ya ɗauka. A shekarar ta karɓi kyautar jaruma a bikin Karlovy Vary na Cekoslobakiya, da ta Filmfare a gida, gwamnati kuma ta ba ta lambar Padma Shri. Sai ta ajiye. Tana kan tsani na ƙarshe, ba ta cika 30 ba, ta koma gida.

Ta sake jan fim sau ɗaya da ya kamata ki nema, Raat Aur Din na 1967. Ta fito a Varuna, matar aure mai kunya da rana, wadda da dare take zama wata Peggy, mai sigari da rawa a kulob, gari ya waye ba ta tuna komai. Bayanin da fim ɗin ya yi wa ciwon ƙwaƙwalwa ya tsufa, amma ganin matar da duk Indiya ke kira uwa tana wannan rawa abin kallo ne, kuma da shi ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar ƙasa ta jaruma. Sauran shekarunta sun tafi a wasu ayyuka: ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta mai kai wa sojojin bakin iyaka wasanni, ta tsaya wa ƙungiyar kula da yara masu lalurar shanyewar gaɓoɓi, a 1980 aka naɗa ta majalisar dattawan Indiya, Rajya Sabha. A can ne ta soki darakta Satyajit Ray cewa talaucin Indiya yake kai wa Turawa su kalla. A nan kam ban bi ta ba. Matar da duniya ta sani cikin laka tana jan garma ba ita ya kamata ta yi wannan ƙorafi ba, kuma Ray bai yi wa talaka ƙarya ba.

Ciwon daji ya kama ta a 1980 ɗin. An kai ta Amurka, ta dawo, ta rasu a Bombay ranar 3 ga Mayu 1981, saura 'yan makonni ta cika 52, aka binne ta a maƙabartar Musulmi da ke Marine Lines. Kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe Rocky, fim ɗin farko da Sanjay ya ja, aka bar mata kujera ɗaya babu kowa.

Ga yadda zan so ki bi su. Awaara tukuna, sai Shree 420, sai Andaz, sannan Mother India, domin sai kin san budurwar za ki san abin da aka binne a cikin tsohuwar. Ukun farko fari da baƙi ne, kada hakan ya kore ki, minti goma idonki zai saba. Ki nemi masu fassara a rubuce a ƙasa, ki bar muryarta yadda take. In da hali ki kalla tare da kakar taki, kuma kada ki hana ta ba ki labarin abin da zai faru kafin ya faru, ba za ta iya yin shiru ba.

In kun gama, akwai wani da ba a cika ambata ba, Jagte Raho na 1956. Ba fim ɗinta ba ne, kusan har ƙarshe ba za ki gan ta ba. Raj Kapoor ne baƙauye da ƙishirwa ta kora cikin wani dogon bene a birni yana neman ruwa, aka ɗauke shi ɓarawo, aka kwana ana farautarsa daga ɗaki zuwa ɗaki, shi kuma yana ganin irin ɓarnar da masu farautar tasa ke yi a bayan ƙofofinsu. Asuba ta yi, ya fito, har yanzu bai sha ba. Ya ji waƙa daga wani wurin bauta, ya tsaya a bakin ƙofa. Matar da ke ciki ta dube shi, ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba, ta karkato tulunta, ya tara hannu ya sha. Nargis ce, kuma daga wannan ba a sake ganin su biyun tare a fim ba.